Rigar da Sunniva Ta Saƙa

Tun shigowar sanyi matata Sunniva take saƙa wata rigar ulu, ba ta taɓa gwada ta a jikina ba. Kafaɗun rigar sun fi nawa faɗi. Gida goma sha ɗaya ne a tsibirin nan, babu namijin da ban auna da ido ba don in gano mai ita, har fasto.

Ran da rigar ta ɓace daga kwandonta, na sauko da tumaki daga kan dutse da ƙarfe uku na rana, duhu ya riga ya rufe, don da wuri rana take faɗuwa a nan lokacin sanyi. A bakin ruwa na tarar da mutum zaune a kan kwalekwalena, sanye da ita. Karena ya kwanta, ya ƙi gaba.

"Kai munafuki, juyo in ga fuskarka!"

Bai juyo ba. Na ɗaga fitila. Numfashina na tashi kamar hayaƙi, nasa babu. Rigar a bushe take, amma ruwa na zuba daga hannunsa bai tsaya ba.

"Haba Hanus, har yanzu da wannan zuciyar?" in ji shi, kamar mai magana da ruwa a baki. "Kai ke da murhu, kai ke da gado. Can ƙasa da sanyi."

Muryar Torkil ce, mijinta na fari, wanda teku ta ci shekara bakwai da suka wuce. Tsoro ya kamata in ji, ko tausayi. Ban ji ko ɗaya ba.

"Wa ya ce ka roƙi matata?"

"Ban taɓa roƙonta ba, ɗan'uwa. Ita take kawo mini riga, duk shekara."