Awon da Badaru Ya Yi wa Mesa

Ranar da abin ya fara, magariba ce kamar kowace magariba a gidan Badaru mai gilashi, can bayan kasuwar Lafia. Ladan ya gama kiran salla, masu doya a bakin titi sun fara kwashe kayansu, Dijatu matar gidan tana tsakar gida tana tuƙa tuwo. Sai wani abu ya faɗo kan kwanon rufi. Aka yi jim, ya sake faɗowa, ya gangaro a hankali har ya faɗi kusa da murhu. Dijatu ta ɗauka don ta san yaran gidan wa za ta kai ƙara, sai ta ga ba dutse ba ne. Curin jar ƙasa ne mai ƙananan huji, irin ƙasar suri, kuma da ɗumi a jikinsa kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

Ta kira 'yarta Muhibbat sau uku, shiru. Da ta leƙa ɗaki sai ta tarar da ita zaune a ƙasa cikin duhu, ta haɗa gwiwa da ƙirji, ta cusa kai tsakanin hannuwanta.

"Ke, lafiya? Tashi mana."

"Mama, na kasa miƙewa," in ji yarinyar, muryarta can ƙasa. "Wurin ya yi mini kaɗan."

Ɗakin kuwa fili ne fetal, ba abin da ke kusa da ita.

Sai an koma baya kwana tara kafin a gane zancen. Muhibbat ilimin dabbobi take karantawa a jami'a, kuma tun da ta dawo hutu take damun mahaifinta da maganar wata ƙaramar mesa da take son kiwo, irin wadda ba ta da dafi, wadda in ta ji tsoro sai ta dunƙule kamar ƙwallo. Dijatu ta ce ita dai ba ta taɓa ganin inda mai hankali ya gayyato maciji gidansa ba, amma Badaru bai iya ce wa 'yar nan a'a. Yarinyar ta yi masa bayani dalla-dalla. A samo wadda aka ƙyanƙyashe a hannun masu kiwo, ko da za a jira wata biyu, kada a ɗauko ta daji. Akwatin kuma tsawonsa ya kai tsawon mesar in ta miƙe, a sa mata wani lungu mai duhu da za ta riƙa ɓuya.

Badaru ya ji, amma irin jin da gwanaye ke yi wa yara. Mutum ne da ya shekara talatin yana yanka gilashi, rabin shagunan garin nan shi ya haɗa musu akwatunan nuna kaya, kuma ko masallaci bai zuwa sai da tef ɗin awo a aljihu. Wai yau 'yar cikinsa ce za ta koya masa awo!

Ana haka Iorfa, wani manomin doya daga Adogi, ya zo sayen gilashin taga, hira ta kawo zancen.

"Oga Badaru, wannan maciji akwai shi a gona na," in ji Iorfa. "Cikin suri yake kwana. Gobe zan fasa suri, in kawo maka."

Washegari ya kawo ta cikin buhu. Badaru ya juye ta a kan teburin shago, ta dunƙule, ta ɓoye kai. Ya jira ta miƙe, ta ƙi. Shi kuma ba mai jira ba ne, sai ya zaro tef ya auna abin da idonsa ya gani, inci tara ta nan, inci tara ta can. Ya ninka, wai don ta sake, ya haɗa akwati mai kyau na gani na faɗa, gilashi ta ko'ina, da farin ƙwan lantarki a sama. Lungun ɓuya kuwa ya ce ba ya yi, abin da aka saya don a kalla ina amfanin ɓoye shi.

Muhibbat ta zo ta duba akwatin. Ta ce, "Baba, wannan ai ta daji ce, kuma akwatin ya yi mata kaɗan." Ya ce da hannunsa ya auna ta. Ta ga yadda fuskarsa ke annuri, ta ji nauyinsa, ta bar zancen da niyyar za ta lallaɓa shi daga baya. Aka ajiye akwatin a falo. Mesar ba ta ci, ba ta sha, sai dai in rana ta faɗi a ga ta fara warwarewa, kanta ya dungure da gilashi, ta juya, ya sake dungurewa, ta koma ta dunƙule.

To daga ranar jifan nan gidan bai sake ganin magariba mai daɗi ba. Da rana komai lafiya, in ban da yarinyar da ke dunƙule a ƙasa. An ɗauke ta a haka an kai asibiti, aka duba ƙashi da jijiya, ba a ga komai ba. Amma da zarar inuwar katanga ta cinye tsakar gida, kaji suka shige akurki, sai shiru ya sauko mai nauyi, sannan ƙasar suri ta fara sauka a kan kwano ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. Daga nan sai a ji wani abu yana gogar bangon ɗakin Muhibbat ta ciki, yana bi a hankali har kusurwa, ya tsaya, ya juyo. Kullum kuma dunƙulewar tata ƙaruwa take yi. A kwana na huɗu cokali ma ya daina samun hanyar bakinta.

Dijatu ta faɗa tun ranar farko, ta kuma faɗa, cewa macijin nan ne. Badaru ya ce camfi ne. Gaskiyar magana tsoro ne ya hana shi yarda, don in ya yarda, ya yarda ke nan shi ya jawo wa 'yarsa. Sai a kwana na shida, da ya durƙusa ya ji numfashinta yana fita da ƙyar don gwiwoyinta sun danne ƙirji, ya tashi ba ko hula ya tafi neman Malam Imrana, wani dattijo mutumin Awe da aka sani da ruƙiyya.

Malam ya iso ana shirin kiran sallar magariba. Ya daɗe tsaye a gaban akwatin yana kallon mesar. Bayan an idar ya sa aka shigo da akwatin ɗakin Muhibbat, ya zauna a tabarma ya fara karatu. Jifa ya tsaya cak. Can sai wata murya ta fito daga tsakiyar dunƙulen nan, muryar tsohuwa, a shaƙe, wadda ba ta yi kama da ta Muhibbat ko kaɗan ba.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke, kuma me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ita ba ta yi mini komai ba. Tun kafin a yi gona a wurin nake zaune a surin nan, wannan da ke cikin gilashi ita ce abokiyar zamana. Aka rushe mini gida da fartanya, aka sa ta a buhu, na biyo ta. Na zo na tarar an auna ta tana cikin tsoro, an gina mata ɗaki daidai tsoronta. Sai na ce bari mai awon ya gani a jikin abin da yake so."

Badaru ya zame ya zauna a ƙasa. Dijatu tana bakin ƙofa tana salati, hawaye na zuba.

"An zalunce ki," in ji Malam, "amma ke ma kin yi zalunci, kin kama wadda ba ta da laifi. Ki fita."

"In fita in je ina? Ba ni da gida. A bar mini jikin nan shekara guda."

"Ko kwana guda ba a ba ki ba."

Ya ci gaba da karatu, muryar ta yi ta nishi, ta sauko wata uku, ta sauko kwana arba'in, Malam bai ɗaga kai ba. Daga ƙarshe ta ce to, akwai wani tsohon suri a bakin rafi, bayan gonar, wanda ba kowa a ciki. Uban yarinyar ya kai mesar can da kansa kafin faɗuwar ranar gobe, ya ajiye ta, kada ya taɓa ta, ya tsaya har ta miƙe don kanta.

"Ni zan fita yanzu, na rantse da wanda ya halicce ni," in ji muryar. "Amma ɗaurin ba a hannuna yake ba kuma. Yadda ta miƙe, haka 'yarka za ta miƙe, ba ƙari ba ragi."

Labulen ƙofa ya motsa alhali ba iska. Muhibbat ta yi tari da muryarta ta gaskiya, ta kira mamanta, amma tana nan a dunƙule.

Washegari da la'asar Badaru ya isa Adogi da akwatin a bayan babur. Iorfa ya nuna masa surin daga nesa, ya ce shi dai ƙafarsa ba za ta ƙarasa ba. Badaru ya kwance gilashin gefe, ya zuba mesar a gindin surin, ya ja baya ya tsuguna. Ba ta motsa ba. Rana ta yi ja, ta sauka bayan itatuwa, sauro ya yi masa caa, bai ko kore su ba. Bai taɓa jiran wani abu haka ba a rayuwarsa, kuma bai taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Sai da duhu ya fara rufe rafin sannan kai ya leƙo. Ta fara warwarewa a hankali, tana fitowa, tana fitowa, har ya ga tsawonta ya kusa ƙafa huɗu, ita da ya kulle a inci goma sha takwas har kwana goma sha shida. Kunya ta kama shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Duk jikinta ya miƙe, sai wajen taƙi guda a ƙarshen wutsiya, wanda ya sandare a lanƙwashe kamar ƙugiya. Ya jira, ya roƙi Allah, ya ƙara jira. A haka ta ja shi ta shige rami.

Tun daga ƙofar gida ya jiyo muryar Dijatu tana hamdala. Muhibbat ta tashi, har ta sha kunu. Da ta ji sallamarsa sai ta fito taryarsa, a tsaye, tana dafa bango, ƙafarta ta hagu a karkace tana jan ta a ƙasa.

"Sannu da zuwa, Baba. Ta shiga?"

Bai iya amsawa ba. Ya durƙusa a gabanta, ya kama ƙafar da hannu biyu yana ƙoƙarin miƙar da ita a hankali, yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ta dafa kafaɗarsa.

"Bar ta, Baba," in ji ta. "Iyakarta ke nan."