Manhajar da Marigayi Ya Koya wa Surutu

Da hantsin Litinin aka kira Sufeto wani kamfanin manhaja. An sace bayanan marasa lafiya dubu uku na wani asibiti, kuma manhajar kamfanin ce ke kulle saƙonnin asibitin a intanet. Manaja, sarkin gaggawa, har ya kori sabuwar injiniyarsa, yana jira a tafi da ita.

"Ta ina ɓarawon ya shiga?" Sufeto ya tambaye ta.

"Ta bakin manhajar, ranka ya daɗe. In an turo mata makullin ƙarya, kamata ya yi ta ce 'an samu matsala', ta yi gum. To, sai ta riƙa faɗin inda aka kuskure. Ɓarawo ya gyara, ya sake gwadawa, har ta buɗe. Tun bara na rufe mata baki. Wani ne ya mayar da tsoffin saƙonninta masu faɗin kuskuren."

A ɗakin ƙurya Sufeto ya tarar da Baba, injiniyan da ya fi kowa daɗewa, gaban tsohuwar kwamfuta mai ƙugi. Gefensa akwai kujerar da ba mai zama a kanta.

"Ka taɓa sashen saƙonnin manhajar?"

"Ni? Rabona da shi tun ina da gashi."

Sufeto ya sa aka bugo tsoffin saƙonnin a takarda. Na farko ya ce: "Haba ɗan'uwa, jelar makullinka ta gutsire, sake dubawa."

"Rubutun marigayi ne, aminin Baba," in ji Manaja. "Su biyu suka kafa wurin nan da fanka ɗaya."

Rajistar kwamfuta ta nuna da sunan marigayin aka shiga aka mayar da su. Sufeto ya koma ƙurya.

"Mamaci ba ya shiga kwamfuta, Baba. Wa ya san lambar sirrinsa?"

Baba ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.

"Shekara ashirin muna zaune kafaɗa da kafaɗa. Da aka goge maganganunsa, ji na yi kamar an sake binne shi, shi ya sa na mayar da su. Kullum da safe nakan tura kuskure da gangan, don kawai ya tsokane ni."

"Ka kuma zuba ido aka kori yarinya."

Tausayi ya kama Sufeto, amma ya ciro ankwa. Baba ya roƙi minti ɗaya, ya sa aka kira injiniyar, ya tura mata kujerarsa.

"'Yata, ki yafe min. Goge su. Hannuna ba zai iya ba."

Ya juya fuskarsa bango har ta gama, sannan ya miƙa hannuwansa.