Gadin Ƙofar Rihab

Ana tsaka da cin abincin rana a gidan Hajja Ihsan a Tanta, ɗanta Ashraf ya ce an sa ranar yi wa matarsa Rihab aiki. Tun tana budurwa ciwon daji ya kama ta, kafin a fara magani likitoci suka yanki ɗan ɓangaren ma'ajiyar ƙwanta suka daskarar. Yanzu za a mayar mata, ko Allah zai ba ta haihuwa.

"Aikin nan da aka koya a jikin birai?" in ji Hajja.

"Mama, gwaji aka yi a kansu, amma nata za a dasa mata..."

"Zuri'ata ba ta dawa ba ce. Ta taka asibitin nan, ka sake ta."

Rihab ta tashi da kuka. Ashraf ya bi ta yana cewa, "Wallahi ina tare da ke."

Ni kuwa Sobhi, ƙanen Hajja, wanda duk unguwa ta san santsin haɓarsa, na kurɓi shayi. "Yaya, kin yi daidai. Wa ma zai tsare ta daga kabsa, abin nan mai ƙulle haihuwa? Wannan uwar tata? Barin mai sabon aski ko mai ɗauke da ɗanyen nama ko gauta za ta yi ya faɗo mata ɗaki kafin tsayuwar wata, haihuwar ta ƙulle."

Hajja ta dire kofi. "Uwarta? Ina raye?"

Aka yi aikin. Tun daga asibiti har gida, Hajja kujera ta kafa a ƙofar Rihab. Ta kori mahaucin layinmu da ya zo gaisuwa, ta ƙwace gauta a hannun maƙwabciya, da dare ita ke ba yarinyar romo a baki. Na zo dubiya ina ƙamshi, ta shafa haɓata.

"Koma. Kai ka tuna min, kai za ka fara kiyayewa. Ba kai ba reza sai ta samu ciki."

Ciki bai zo da wuri ba. Rihab ta yi haƙuri, Ashraf ya yi, amma ni na fi su.

Ranar suna gida ya cika da guɗa. Hajja ta rungume jaririya da surukarta tana hawaye: "Ki yafe min, 'yata."

Haƙuri ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma babba ba a karya shi da gardama, aiki ake ba shi. An gode wa likita, an gode wa Hajja. Ni kuwa da gemuna ya fito fari fat, yaran layi suka koma kirana Kaka.