Ɗumin Farar Riga

"Auta! Yau ma rigar nan ce?"

Auta ba ta ɗago ta kalli Yayarta ba. Ta bi ƙirjin farar rigar da dutsen guga, ta ɗauke ta da sauri, ta kifa fuskarta a ciki.

Ɗumi... kamar yanzu ya tuɓe ta.

Mijinta mai gasa burodi ne. Kullum jikinsa da zafi rau yake dawowa gida, in ta tsokane shi ya ce, "Ba wutar tanda ba ce, Autata, sonki ne!" Tun da ya rasu, kowace safiya sai ta goge rigarsa, ta ƙanƙame ta har ta huce, sai ta ji kamar ya sake mutuwa a hannunta.

"To, na gaya wa Injiniya komai," in ji Yaya. "Gara ya san da fatalwa zai yi kishi."

Injiniya, mai gyaran kayan wuta na bakin layi, shi ke neman aurenta. Tana son sa, kuma kunyar son take ji.

Ta sake shimfiɗa rigar, ta ɗora dutsen guga a kai ke nan ta ji sallamarsa. Ta fita ko takalmi babu.

"Ka zo ka ce ka fasa, ko?"

Ya miƙo mata sabuwar wayar dutsen guga a naɗe.

"Rannan na ga wayar dutsen gugarki ta zazzago. Tunda kullum ne, kada wuta ta ja min ke."

"Ba ka ji haushi ba?"

"Na ji mana, sanyin idona... Amma shi ya riga ni. Zan jira."

Ta tsaya tana kallon sa, har sai da ƙauri ya iso ƙofar.

"Wayyo Allah! Rigar!"

Dutsen gugan ya cinye ƙirjin rigar, ya bar rami baƙi ƙirin. Ta durƙushe tana kuka.

"Na manta da shi, Yaya... ban taɓa mantawa ba sai yau!"

Yaya, sarkin baki, cire wayar kawai ta yi daga bango.

Safiyar farko bayan aurensu, hannun Auta ya nufi dutsen guga da kansa. Injiniya ya riƙe hannun cikin nasa.

Ta runtse ido, tana jiran ɗumin ya huce yadda ta saba.

Bai huce ba.