Takardar Bangon Kicin

Ranar da Barewa ta fara ganin kukun sansanin 'yan tsere, faɗa ta je yi masa. Ta dangwarar da faranti a gabansa, wai don me ita kaɗai ake tura wa hanta da alayyafo kowa na cin kaza?

Bawan Allah ya kasa haɗa ido da ita. Ya nuna mata wata takarda a bango. Likitar sansanin ce ta tsara wa kowace yarinya tata: kwanakin al'ada da jan biro, abinci mai ƙara jini da 'yar sassarfa, kwanakin tsarki da kore, gudu mai tsanani da ci mai nauyi.

"Ni dai launi nake bi, ranki ya daɗe," in ji shi.

Ta fita tana dariya. Kafin wata uku jirin da ke ɗibarta a fili ya ɓace, gudunta ya ƙaru, zuciyarta kuwa ta tare a kicin.

"Barewata, yau ƙwai biyu da ayaba. Ban yarda ki ba kowa ba."

"An ji, Mai Ludayi."

Akwai wata da ake kira Ta-Biyu, don kullum bayan Barewa take shigowa. Saura kwana uku tseren zaɓen waɗanda za su je babbar gasa, ta ɗauki hoton takardar Barewa, ta yanke sa hannun likita, ta tura wa mahaifin Barewa: "Baba, ka tambayi 'yarka yadda aka yi kuku ya san kwanakinta."

Uban ya kira ta gida. Ya tara yayyenta maza da gwaggonninta a falo, ya karanto jajayen kwanakin ɗaya bayan ɗaya kamar mai kiran suna a aji. Ta buɗe baki, ya ce ta rufe. A gabanta ya sa wuƙa ya tsarga takalman gudunta. Da iyayen kuku suka zo neman aure, a bakin ƙofa ya shanya su har suka gaji.

Kunya ta koma mata haushi, ta kira kuku a waya, ta sauke a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

"Ka rataye sirrina a bango kamar kalanda. Na tsane ka."

"Laifina ne, da na kulle ta. Ki tsane ni, amma ki ci hanta, jini bai san fushi ba."

Ta yi kuka har ta gode Allah.

Mamarta ce ta kasa haƙuri, ta je kicin ɗin da ƙafarta. Takardu goma sha takwas ta tarar jere, har da ta Ta-Biyu, kowace da sa hannun likita. Ta ɗauko hoton bangon gaba ɗaya.

Uban ya duba, ya ajiye waya, ya ce to, a ba kukun aurenta. Haƙuri kam bai bayar ba har yau. An riga an yi tseren, Ta-Biyu ta tafi gasar a gurbinta, kuma can ma ta biyu ta zo.

Bayan ɗaurin aure Barewa ta shiga kicin ɗinta, ta dubi bango, wayam. Sai ango ya miƙo mata ɗan makulli, ya nuna durowa. A ciki takardarta ce a ninke, da sababbin takalman gudu.

"Daga yau ke za ki riƙa faɗa mini launi, in kin ga dama."

Ta damƙe makullin, ta ce yau kore ne.

Allah ya sa albarka, ya rufa musu asirin da mutane suka so tonawa.