Akwatunan Zuma Goma Sha Huɗu

Ranar Talata ce, a tsakiyar bazara. Tun da safe gari ya ɗau zafi. Hadari ya taru a gabas ya ƙi zubar da ko ɗigo, iska ta tsaya cik. Sufeto na zaune a ofis ya ɗora hula a gwiwa, fanka a tsaye don babu wuta, sai Kofur ya shigo da wani dogon mutum ramamme, takalmansa duk ƙasa.

Mutumin ya ce an yi masa sata a gona. Akwatunan kiwon zuma goma sha huɗu, da ƙudan da ke ciki, an kwashe kaf.

A da direban tanka ne. Da aka sallame su bara bai sake neman tuƙi ba, ya je ya koyi kiwon zuma, ya samu fili a bayan gari ya jera akwatunansa, har mutane suka manta da sunan direba suka koma kiransa Mai Zuma. Mako mai zuwa ne zai ɗebi zumarsa ta farko. Masu kanti biyu suna jiran kaya.

Sufeto ya ce za a rubuta bayani, a fara bincike. Mutumin ya dafa tebur da hannu biyu.

"Yallabai, wannan ba satar babur ba ce da za a yi wata ana nema. Ba mai iya ɗaukar akwati sai ya toshe ƙofarsa. In kuwa a toshe suke, a wannan zafin, ba za su kai la'asar ba. Saƙar za ta narke a kansu."

Sufeto ya sa hularsa.

A hanya Kofur ya yi ta mita. Ya ce shi da ya shiga aikin nan ya yi rantsuwar fuskantar ɗan fashi da bindiga, amma ba ya tuna an ambaci ƙudan zuma a cikin rantsuwar. Sufeto ya ce masa in an harbe shi ya kumbura, ko ba komai kakin da ya yi masa yawa zai zauna daidai.

Gonar ba ta da nisa da gari. Bishiyoyi kaɗan, wata 'yar bukka ta kwano, sai ƙafafun ƙarfe goma sha huɗu a jere, ba komai a kansu. Mai Zuma ya nuna yadda kowane akwati yake a ɗaure da ƙarfensa da noti biyu ta ƙasa, saboda ɓarayi. Ya ce shi ya ɗaura su da hannunsa.

Sufeto ya durƙusa. Ba a fasa komai ba, ba a lanƙwasa ƙarfe ba. An kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, an jera su a kan kowace ƙafa, kowane noti a zaune a kan wasansa, wato ɗan faifan ƙarfen da ake sa masa a ƙasa. Ya daɗe yana kallonsu. A aikinsa ya ga ɓarayi iri-iri, bai taɓa ganin mai tsabta haka ba.

Ya tambayi wa ke gadin wurin. Mai Zuma ya ce shi ne, a bukkar nan yake kwana, sai jiya da ya kwana a gida don matarsa ba ta da lafiya. Kafin a sake tambayarsa wani abu ya nuna lambun da ke maƙwabtaka da shi, ya ce ba wani ba ne illa mai lambun nan, wanda ake ce wa Feshi. Sun sha yin faɗa, don yana fesa maganin ƙwari da rana tsaka yana kashe masa ƙudaje.

Feshi suka tarar yana ban-ruwa, wando a naɗe. Ya ce shi tun magariba yake gida, bai fito ba sai da rana ta yi sama, bai ga komai ba, bai ji komai ba.

Sufeto ya taka zuwa ƙarshen lambun ya tsoma yatsa a kunyar farko. Ta jiƙe har ciki, samanta ya fara bushewa.

"Wannan ruwan tun asuba aka ba ta. Kai ka ba ta, ko aljanunka?"

Feshi ya sosa ƙeya. Ya ce to, ya zo da wuri. Ya ce ya ji ana buga guduma a gonar zuman, a hankali, kamar mai gudun tayar da barci. Daga baya ya ji kukan tayar kurar ɗaukar kaya, tana tafiya tana dawowa. Bai leƙa ba.

"Me ya hana ka?"

"Yallabai, gaskiya ɗaya ce, murna na yi. Amma ni ko rijiya aka cika min da zuma ba na zuwa kusa da waɗannan 'yan ta'addar."

Kofur ya ce a wannan maganar dai shi ma shaida ne.

Da suka koma wajen ƙarafan, Kofur ya ja da baya ya rufe fuska da hula. Ƙudaje sun fara taruwa, suna kewaya inda akwatunan suke a da, suna sauka a kan ƙarfe suna tashi. Mai Zuma ya tsaya a tsakiyarsu, idonsa ya ciko. Ya ce da ya zo da sassafe babu ko ɗaya. Waɗannan daga inda aka kai akwatunan suke, sun sami wata kafa sun fito, sun dawo gida. Ya ce ƙudan zuma in an kai shi nesa ba ya gane hanya, tunda suka dawo to kayan ba su bar unguwannin nan ba.

Sufeto ya kare ido da hannu ya dubi sama. Ba daga daji suke zuwa ba. Daga wajen gari suke zuwa, ɗaya-ɗaya, ta saman layin masu sana'a.

Layin yana da tsawo, shaguna sun fi a bi su ɗai-ɗai, rana kuwa ta kusa tsaka. Sufeto ya ce su fara zuwa gidan Mai Zuma. Yana son ya san wa ya san ba zai kwana a gona ba.

Gidan haya ne, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. A gefen famfo akwai baho da kayan aikin zuma a jiƙe, da bokitai, da tulin kwalabe sababbi. Ƙudaje uku ko huɗu na shawagi a kan bahon.

Matar, wadda kowa ke kira Auta, ba ta fito ba, daga bakin ƙofa ta gaishe su ta bayan raga. Idonta na hagu a kumbure yake har ya kusa rufewa, leɓenta ma haka. Sufeto ya yi mata sannu ya tambayi me ya same ta. Ta ce ciwon ido ne. Ya tambayi ko wani ya zo gidan jiya. Ta ce babu.

Sufeto ya shafa katakon ragar. Sabo ne, ƙusoshin na ƙyalli, garin katako bai ma gama bajewa daga bakin ƙofa ba. Tagar ma an sa mata irinta.

"Wa ya kafa wannan?"

Ta dubi mijinta. Mijin ne ya amsa, ya ce Baba ne, mahaifinta, jiya da yamma ya zo da kayan aikinsa ya kafa. Kafinta ne. Ya ƙara da cewa ba ciwon ido ba ne, harbi ne, ranar Juma'a ƙudan zuma ɗaya ya harbe ta a nan tsakar gida, sai jiya aka sallamo su daga asibiti.

"Harbi ɗaya ya kwantar da mutum a asibiti?"

Mai Zuma ya kau da kai. Ya ce jininta ne bai karɓa ba. Ya ce ai ya yi alkawari, da kasuwa ta kama zai nemi shago, ya daina kawo kayan gida.

Sufeto ya tambaye shi wa ya ƙera masa akwatunan. Ya buɗe baki zai amsa, sai ya juya ya dubi sabon katakon ragar. A bayan raga Auta ta zame ta zauna a ƙasa.

Shagon Kafinta yana tsakiyar layin masu sana'a, tsakanin mai walda da mai faci. Dattijo ne kakkaura, gemunsa fari, fensir a bayan kunne. Yana goge ƙafar wata kujera. Ya amsa gaisuwar Sufeto, ya amsa ta surukinsa ba tare da ya dube shi ba. Ya ce ya ji labarin satar, Allah ya mayar da alheri. Ya ce shi daga gidan 'yarsa gida ya wuce, bai fita ba sai da gari ya waye.

Sufeto bai yi musu ba. Ya zagaya shagon a hankali. A kan bencin aiki akwai wani gado da aka kwance don gyara, notunansa a jere, kowanne a zaune a kan wasansa. Kurar ɗaukar katako tana jingine a bango. Ya tura ta da ƙafa, tayar ta yi kuka.

A bayan shagon akwai sito na kwano, ba taga, ƙofar a kulle da kwaɗo. Rana ta dake shi tun safe, ko kusa da shi mutum ya tsaya sai ya ji huci. Tururuwa sun yi layi zuwa bakin ƙofar. Daga ƙarƙashinta wani abu mai kauri, ruwan ƙasa-ƙasa, yana malalowa cikin garin katako.

"Baba, ba ni makulli."

Dattijon ya ce ya ɓata. Sufeto ya ce to za a fasa. Dattijon ya dubi ƙofar, da alama shi ya ƙera ta, sai ya sa hannu a aljihu.

Da aka buɗe, zafi ya bugo su tare da wani wari mai zaƙi-zaƙi. Akwatunan na jibge, wasu a kan wasu, kowace ƙofa an rufe ta da ɗan katako da aka yanka daidai ita, an buga ƙusa. Zuma na zuba ta gindinsu. A tsakiyar ɗakin an ajiye baho cike da ruwa. Babu ƙarar da ya kamata a ji daga akwati goma sha huɗu, sai wani ɗan gunji daga can gefe.

Mai Zuma ya fizgi guduma daga benci ya shiga. Ya ɓalle katakon farko, ya ɗaga murfi, ya duba, ya ajiye murfin a hankali. Ya koma na biyu. Ba wanda ya tambaye shi abin da ya gani.

Kafinta ya zauna a kan kujerar da yake gyarawa. Sufeto bai matsa masa ba, shi ya fara magana da kansa. Ya ce ranar Juma'a shi aka kira, don mijin yana gona. Ya tarar da Auta a ƙasa, wuya ya kumbura, numfashi na fita kamar ana busa ƙaramin usur. Shi ya ɗauke ta a kafaɗa zuwa titi. Likita ya faɗa musu a gaban mijin cewa harbi na gaba ba lallai su iso asibiti da ita ba. Ya ce ya roƙi yaron nan, shi da yake uba ya sauke kai ya roƙe shi, sai ya ce a yi masa haƙuri ya ɗebi ta farko.

"Ita kaɗai ta rage min a mata, Yallabai. Ya ce in jira mako ɗaya. Ƙudan ya san mako?"

Sufeto ya tambayi me ya yi niyyar yi da su. Ya ce yau da yamma zai nemi mota ya kai su daji mai nisa ya buɗe su su kama gabansu. Ya ce bai yi nufin kashe ko ɗaya ba, shi ya ƙera musu gidajen.

"Har ruwa na ajiye musu."

Daga cikin siton Mai Zuma ya yi magana, muryarsa a dashe.

"Baba, ta ina za su sha? Kai ka rufe su."

Dattijon ya dubi bahon, ya dubi ƙusoshin.

Sufeto ya tambaye shi ko Auta ta sani. Ya ce ba ta sani ba, ya maimaita. Sufeto ya san ƙarya ce, bai bi ta kanta ba.

Kofur ya ciro ankwa, Sufeto ya girgiza masa kai. Kafinta ya nemi a bar shi ya rataye kayan aikinsa, aka bar shi. Ya mayar da zarto ƙusarsa, ya cire fensir daga kunne ya ajiye, ya ce wa mai walda ya rufe masa shago. Masu sana'a duk sun fito sun tsaya a bakin shagunansu.

A can ƙarshen layi Auta na tsaye, ta lulluɓe har fuska. Ta biyo su, amma ba ta isa ta matso ba, don ƙudajen da suka tsira sun cika iska a gaban shagon. Da suka zo wucewa ta gabanta, uban ya ce mata ta tafi wajen mahaifiyarta, kada ta tsaya a nan. Ta dubi bayansu, inda mijinta yake fito da akwati ɗaya a rungume yana neman inuwa. Bai ɗago ba. Ta juya ta bi hanyar gidan ubanta.

Hadarin ya watse da la'asar, ba a yi ruwa ba.

Cikin akwati goma sha huɗu, goma sha ɗaya sun mutu da sarauniyoyinsu. Uku suka rayu, waɗanda katakonsu ya tsage wajen buga ƙusa. Zumar farko duk ta tafi cikin garin katako, ko kwalba ɗaya ba a cika ba. Masu kantin biyu sun nemi wani. Shagon Kafinta yana kulle. Auta ba ta koma ɗakinta ba.