Goyon Ranar Juma'a

"Ni fa na gaji da labarin motocin nan naka, Haladu."

Mastura ta faɗi haka ne daga bayan ƙyauren gidansu da ke unguwar Sharafiyya a Jidda, rabin fuskarta kawai ke waje. Haladu yana zaune a kan dakali, tasowarsa ke nan daga tashar jiragen ruwan Jidda inda yake aikin tafinta.

"Ke da kullum kike cewa in ƙara miki na Istambul?"

"Da ke nan. Yanzu labarin ya kai kunnen Baba... ya ce shi ba zai ba mai jaka a baya 'yarsa ba."

Gaskiya ce, ba sharri aka yi wa Haladu ba. Ɗan Hausawan Sudan ne, iyayensa suka zo da shi yana ƙarami suka zauna a unguwar Waziriyya. Yana gama makaranta ƙafarsa ta fara ƙaiƙayi, ya goya jaka ya hau motar Sham. Daga Sham sai Istambul, daga nan wannan mota ta miƙa shi ga waccan har Sifaniya. Ya kwana a masaukan matafiya masu gado kan gado, ya wanke kwanuka, ya tsinki zaitun, ya dawo da Sifaniyanci a bakinsa da takalmi ɓulalle a ƙafarsa. Labarin nan shi ya fara sace zuciyar Mastura, ga shi yau shi ne ke neman raba su.

"Habibti, na dawo fa. Na kama aiki, ina nan."

"Mijin Gwaggo Turai ma haka ya ce."

Kowa a unguwar ya san Gwaggo Turai, yayar Baba. Mijinta ya ce zai leƙa Sham ya dawo, har ta yi furfura a ɗakin ƙaninta bai dawo ba.

Mastura ta share ido da gefen mayafi. "Baba ya ce ka zo ran Juma'a bayan La'asar ka zauna a tabarmarsa ya ji ta bakinka. In aka kira Magariba ba ka zo ba, halas, magana ta ƙare... Kuma ka san shi, ba ya magana biyu."

"Zan zo tun liman bai sallame La'asar ba. Trankilo, mi bida."

"Kar ka yi min trankilo!"

Amma sai da murmushi ya kufce mata. Ita ma ta san ma'anar, kwantar da hankalinki rayuwata. A bakin ƙofar nan ya koya mata kalmomin ɗaya bayan ɗaya, takan maimaita su a ranta in tana wanke-wanke.

Ran Juma'a Alhaji Usuman, mahaifin Mastura, bai fita sana'a ba. Shi da mutanen Jidda ke yi wa layi saboda tsirensa, ranar ko garwashi bai hura ba. Ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya zauna da carbi. Umma Rahamatu ta dafa shayi da na'ana'a. Gwaggo Turai tana ƙofar ɗakinta tana tsince shinkafa.

Mastura tana bayan labule, kunnenta na ƙofa. Duk takun da ya wuce sai gabanta ya faɗi.

Shayi ya huce, aka sake ɗora shi. Inuwar katanga ta ci rabin tsakar gida, ta cinye sauran. Tsoro ya kama Mastura sosai. Ba ta zargi Haladu da ƙarya ba, amma wata zuciyar tana ta raɗa mata cewa ƙila Baba ya fi ta sanin maza.

Sai ladan ya ɗaga murya.

Alhaji Usuman ya miƙe, ya naɗe tabarmar a hankali ya jingina ta da bango. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mata sauƙi.

"Ya binti, 'yata," ya ce, yana fuskantar labulen. "Gara ki yi kukan yau. Na ga wadda ta yi na shekaru."

Hawaye suka zubo mata, ta toshe baki da mayafi. Tana cikin haka aka yi sallama da wata murya mai haki, aka turo ƙyauren da ƙafa.

Haladu ne. Sabuwar farar rigar da ya ɗinka don wannan rana ta koma kalar ƙasa, hularsa babu, kuma a bayansa yana goye da wani ƙaton Bature, fuskarsa ja zur, kansa na reto.

"Innalillahi!" in ji Umma. "Wannan kuma fa?"

"Ya ammi, ka gafarce ni," Haladu ya ce da Alhaji, yana kiransa baffa da Larabci. "Na san na makara. Ma'aikacin jirgin ruwa ne, ɗan Sifaniya. Ya shigo gari sayen tsaraba, rana ta buge shi ya faɗi a bakin titi. Mutane sun kewaye shi, yana ta magana ba mai ganewa... uwarsa yake kira. Na ja shi inuwa na yi ta yi masa fifita ko zai farfaɗo. Shaguna a rufe, motar da na tsayar ta ƙi ɗaukarsa. Gidan nan ne kaɗai na sani a kusa."

"Ka san sharaɗina."

"Na sani, wallahi na sani. Ina ganin rana na faɗuwa ina kuka a raina. Amma ya ammi, ni ma na taɓa faɗuwa haka a masaukin wata tsohuwa a ƙasarsu. Zazzaɓi ya kayar da ni, ba ta san ubana ba, ba addininmu ɗaya ba. Ta yi jinyata da romon kaza har na miƙe. Da zan tafi ta ce abu ɗaya take so, in na ga wani ya faɗi a garinmu kar in tsallake shi."

Umma ce ta ruga ta ɗebo ruwan randa. Haladu ya sauke mutumin, ya tallafe kansa, amma da kofi ya taɓa bakinsa sai ya fara fizge-fizge, ya ture shi ruwan ya zube. Haladu ya yi masa magana da harshensu, bai ko ji ba.

Mastura ba ta san lokacin da bakinta ya buɗe ba. Daga bayan labule ta ce a hankali, yadda ake lallashin yaro, "Trankilo... trankilo. Aguwa." Ruwa ke nan da Sifaniyanci.

Mutumin ya tsaya cak. Jin muryar mace da harshen gidansu ya sa jikinsa ya saki. "Mama..." ya ce, hawaye na bin gefen kunnensa. Ya buɗe baki ya sha.

Alhaji ya juya ya dubi labulen. "Ke kuma a ina kika koyi wannan?"

Kunya ta rufe Mastura, ta rasa inda za ta sa kanta. Kafin ta lalubo amsa sai aka ji an ajiye faranti. Gwaggo Turai ce ta taso, ita da sai a wuni ba a ji muryarta ba.

"Usuman, shimfiɗa tabarmar nan."

"Yaya, magana na yi..."

"Na ji ka. Ni ma yanzu zan yi tawa." Ta nuna mutumin da ke kwance. "Ka manta hanyar Sudan? Muna yara, zazzaɓi ya kayar da kai, ayari ya wuce ya bar mu a gindin bishiya ina ta kuka. Wa ya ɗauke ka? Wani mai raƙumi, ba ma jin harshensa, har yau ko sunansa ba mu sani ba. Shi ma ai yana da inda za shi."

Alhaji ya sunkuyar da kai.

"Kullum da ni kake tsorata yarinyar nan," Gwaggo ta ci gaba. "To bari in gaya maka, ba tafiya ce ta cuce ni ba. Mutumin da na aura ko a gida yake, in na faɗi tsallake ni zai yi. Wannan yaron ya san zai rasa abin da ya fi so a duniya, amma bai iya wuce baƙo a ƙasa ba. Shi ne zai wuce matarsa?"



Alhaji Usuman ya taka zuwa bango, ya ɗauko tabarmar ya warware ta da hannunsa. Ya kama ƙafafun Baturen, Haladu ya kama kafaɗu, suka kwantar da shi a kai. Sannan ya ɗago ya dubi Haladu daga sama har ƙasa.

"Dubi rigarka, kamar wanda ya yi dambe da jaki. Yalla, yi alwala mu sami jam'i." Ya ɗan dakata. "Gobe ka ce manyanka su zo."

Umma ta saki guɗa tun ba a kai ko'ina ba. Mastura ta durƙushe a bayan labule tana kuka tana dariya, farin ciki ya cika ta har ta kasa cewa komai sai alhamdulillahi.

An ɗaura aure bayan Babbar Salla. Alhaji da kansa ya tsaya kan wuta ya gasa tsiren da aka daɗe ana zancensa a Sharafiyya. Ansalmo, don haka sunan baƙon yake, ya zo da abokan aikinsa, ya ci yaji har ya yi hawaye, yana ta kiran amarya ƙanwarsa.

Sharaɗi ɗaya Alhaji ya kafa wa ango: duk inda ƙafarsa za ta, da Mastura za ta, kuma tare za su dawo.

Da amarci ya lafa suka je tashar mota za su ziyara Madina. Tsohuwar jakar nan tana bayan Haladu, wata sabuwa tana hannun Mastura. Ta zauna a jikin taga, mota ta tashi, gidajen Jidda suka fara ja da baya.

"To, mi bida," ta ce ƙasa-ƙasa, "daga Madina sai ina?"

"A'a. Ba ke kika ce kin gaji da labarin motoci ba?"

Ta gyara mayafinta, ta saƙala yatsunta cikin nasa ta ƙarƙashin jakar.

"Da ji na gaji. Yanzu ka nuna min."